Roka mai goyon tofido ko mai ruwan bama-bamai: wacce ta dace da tekunan Saudiyya?

Saudiyya ba ta da jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku ko ɗaya, amma kusan duk inda ta waiga akwai mai shi. Iran ta sayi manya guda 3 ƙirar Kilo daga Rasha a shekarun 1990, ta kuma ƙera ƙanana da yawa na gida da ake kira Ghadir. Masar ta karɓi guda 4 ƙirar Jamus, na ƙarshensu a 2021. Isra'ila na da nata, kuma a 2009 ɗaya daga cikinsu ya ratsa mashigin Suwez a sarari ya shigo Bahar Maliya. A 2011 Iran ta sanar cewa ta turo nata har cikin Bahar Maliya ɗin. Ga ƙasar da shinkafarta da ragunan layyarta ke sauka a tashar Jidda, man fetur ɗinta ke fita ta Ras Tanura da Yanbu, ruwan shanta kuma ake tace shi daga teku a Jubail da Shu'aiba da Ras al-Khair, maganar abin da ke yawo a ƙarƙashin ruwa ba ta masu kaki ba ce kaɗai.

Tun da sababbin jiragen yaƙi guda 5 da kamfanin Navantia na Sifen ya ƙera suka fara isowa a 2022, ga kuma wasu 4 da aka ba Lockheed Martin kwangilarsu, masu bibiyar harkar tsaro a cikinmu Hausawan Jidda da Makka ba su rasa abin musu ba. Tambayar da ta fi dawowa ita ce wace irin roka ya kamata jirgin yaƙi ya ɗauka domin maganin jirgin ƙarƙashin teku. Zaɓin uku ne. Akwai roka gajeriyar zango mai zubar da bama-bamai cikin ruwa, irin RBU-6000 ta Rasha. Akwai roka doguwar zango da ke goya tofido, wato makamin da ke tafiya cikin ruwa da injinsa, ta kai shi kan abokin gaba ta sake shi, irin ASROC ta Amurka. Sannan akwai masu cewa a bar roka gaba ɗaya a zuba kuɗin a helikwafta, wanda kusan shi ne tafarkin da rundunar ruwan Saudiyya ta bi tun shekarun 1980: bututun tofido a jikin jirgi, helikwafta a bayansa.

Ra'ayina tun daga farko shi ne ba a fara wannan zaɓi daga makamin. Ana fara shi daga kunne, wato sona, na'urar da ke sauraren ƙarƙashin ruwa, da kuma irin ruwan da za a yi faɗan a cikinsa. Kuma tekunan Saudiyya biyu, Bahar Maliya a yamma da Tekun Fasha a gabas, ba su da haɗi ko kaɗan.

Asalin dukansu ɗaya ne

A Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin rakiya yana jefa bam ɗin ruwa ne ta bayansa, don haka dole sai ya bi ta kan jirgin ƙarƙashin tekun. Matsalar ita ce da ya matso kusa, sonarsa ba ta ƙara jin komai, sai mai gudun ya karkata a daidai wannan lokaci. Turawan Ingila suka fito da Hedgehog a 1942, mai cilla ƙananan bama-bamai 24 gaba da jirgi tun sona na riƙe da abin da take ji, kuma ba sa fashewa sai sun taɓa ƙarfe. A watan Mayun 1944 wani jirgin Amurka mai suna USS England ya nutsar da jiragen ƙarƙashin teku na Japan guda 6 cikin kwana 12 da wannan makami. Daga nan hanya ta rabu biyu. Sobiyet da Suwidin suka ci gaba da jifan bam, suka sa masa roka. Amurka da Faransa da Ostireliya suka ce tunda sona ta fara jin nesa, a aika makami mai neman abokin gaba da kansa.

Mai ruwan bama-bamai

RBU-6000 ta shiga aiki a farkon shekarun 1960, har yau kuma tana kan jiragen Rasha da Indiya da Aljeriya da Biyetnam. Wanda ya taɓa ganin hoton jirgin yaƙin Rasha ya gan ta ko bai san sunanta ba: bututu 12 masu faɗin milimita 213 a jere kamar takalmin doki, a gaban ɗakin tuƙi. Kowace roka ta haura kilo 110, abin fashewar da ke kanta ya ɗan wuce kilo 20, tana zuwa daga mita 350 har kusan kilomita 6. Idan ta faɗa ruwa tana nutsewa da saurin sama da mita 11 a daƙiƙa, ta fashe a zurfin da aka saita mata ko in ta bugi wani abu, fashewar ɗaya kuma na iya tayar da sauran.

Yadda ake ɗura ta abin kallo ne. Da an gama harbi sai kan gaba ɗaya ya miƙe tsaye, bakin bututun na kallon sama. Wata ƙofa ta buɗe a daɓen jirgi, na'ura ta turo roka daga rumbun da ke ƙasa ta shige bututu, kan ya ɗan juya, wani bututun ya zo daidai ƙofar, haka har 12 su cika, ba tare da mutum ya fito fili ba. Rumbun na ɗaukar 72 ko 96. Wannan yawa shi ne babban darajarta. Kwamanda na iya harba 4 a kan abin da yake zargi, in ya zama kifi ne ko tsohon ƙarfe a ƙasan teku, ba wanda zai tsare shi da tambayar kuɗi.

Aibinta kuma a fili yake. Bam ɗin makaho ne, inda aka jefa shi nan zai nutse, alhali wanda ake hari yana tafiya. Rashawa sun yi ƙoƙarin gyara wannan da roka 90R, wadda kanta ke ɗan neman abin hari bayan ta shiga ruwa, amma zangonta ya ragu zuwa kilomita 4 da ɗoriya. Manyan tofido na zamani da jiragen ƙarƙashin teku ke ɗauka suna wuce kilomita 30, wasu har 50. Ke nan a buɗaɗɗen teku, kafin ka kai inda RBU za ta yi maka amfani, mai ƙarƙashin ruwa ya daɗe da samun damar harbinka. Shi ya sa a yau da yawa ke kallonta a matsayin garkuwa ta ƙarshe: a zuba bama-bamai gaban tofidon da ke tahowa, ko a kori masu ninƙaya da ke son manna nakiya a jikin jirgi a tasha. Rashawa ma sun ciro wasu sun ɗora a kan manyan motoci da motocin sulke a yaƙin Yukiren, abin da ke nuna cewa rokar na da yawa a rumbunansu kuma tana da araha.

'Yar'uwarta ta yamma ita ce Bofors mai faɗin milimita 375, ƙirar Suwidin, mai zangon da bai kai kilomita 4 ba. Mu 'yan Najeriya muna da tarihi da ita, domin jiragen yaƙi guda 2, Erin'mi da Enyimiri, da aka sayo daga Ingila wajen 1980, suna ɗauke da mai baki biyu a gaba. Jiragen Masar ƙirar Descubierta na Sifen su ma da ita suka zo. Zamaninta ya wuce, ba mai neman sabuwa.

Mai goyon tofido

ASROC ta farko, RUR-5, ita ma ta farkon shekarun 1960 ce. Ana harba ta daga wani akwati mai gida 8 da ke juyawa, zangonta kusan kilomita 10. Rokar kanta ba ta da wayo: jirgi ne ke lissafa nisa, ya saita lokaci, ya cilla ta sama. Idan lokacin ya cika injin rokar ya rabu ya faɗi, kwanson ya tsage biyu, wata ƙaramar laima ta buɗe ta rage wa tofidon gudu don kada ya farfashe a fuskar ruwa. Da ya shiga, laimar ta balle, injinsa ya tashi, ya fara zagaye yana aika ƙara yana sauraren amsarta, har ya kama abin da yake nema ya bi shi. A zamanin Yaƙin Cacar Baka akwai wadda ke ɗauke da bam ɗin nukiliya na ruwa maimakon tofido. An gwada ta sau ɗaya da gaske, ranar 11 ga Mayun 1962, daga jirgin USS Agerholm a tekun Pasifik daura da San Diyego, aka kuma janye wannan nau'i a 1989. Masar ta samu irin wannan akwati a kan tsofaffin jirage 2 ƙirar Knox da ta karɓa daga Amurka a 1994.

Wadda ake magana a kai yanzu ita ce jikarta, RUM-139, da ta shiga aiki a 1993. Ita daga ramukan harbi na tsaye na Mk 41 take fita, tana da na'urar da ke karkatar da ita bayan tashi, tana kaiwa kimanin kilomita 22, sabon nau'inta kuma na goyon tofido Mk 54.

Abin da ake saya da kuɗin wannan roka lokaci ne. Ƙaramin tofido irin Mk 46 yana gudun kimanin kilomita 74 a awa. In ka sake shi daga bututun jirgi a kan abin da ke nisan kilomita 10, sai ya yi minti 8 a hanya, ya isa man da ke cikinsa ya kusa ƙarewa, kuma tun daga fitarsa abokin gaba ke jin ƙararsa. A cikin minti 8 ɗin, Kilo da ya zuba gudu a ƙarƙashin ruwa ya yi nisan kilomita 4. Roka kuwa cikin kusan minti guda ta kai tofidon, da cikakken mai, ba a ji zuwansa ba sai faɗawarsa. Duk wanda ya taɓa neman mahajjacinsa a Mina ya san wannan lissafi: in aka ce maka an gan shi a bakin gadar Jamrat minti goma da suka wuce, labarin gaskiya ne amma ba zai haɗa ka da shi ba.

To amma sai an gan shi ɗin. Nan ne 'yan kasuwar makamai ba sa son tsayawa. Roka mai kilomita 22 a kan jirgin da sonarsa ba ta jin abin da ya wuce kilomita 8 ɓarnar kuɗi ce. Sonar da ke manne a ƙasan jirgi, a ruwa mai ɗumi irin namu, ba ta jin nesa, saboda rana na gasa saman ruwan, ƙasansa ya fi sanyi, ƙarar da aka aika ta lanƙwasa ƙasa ta bar wani yanki da ba a jin komai. Mai tuƙin jirgin ƙarƙashin teku da ya san aikinsa a nan yake fakewa. Maganin shi ne sonar da ake zurawa da igiya a bayan jirgi ta sauka ƙasan wannan shimfiɗa, ko doguwar igiyar sauraro da ake ja, ko helikwafta mai zura tasa sonar. Duk suna da tsada, kuma suna buƙatar mutanen da suka shekara suna horar da kunnensu.

Wani dattijo a majalisarmu ta bayan isha'i, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen dabbobi tsakanin Suwakin da Jidda, ya saurari wani matashi yana jero zangon makamai daga wayarsa. Da ya gama sai dattijon ya ce, "Yaro, ka taɓa leƙa ruwan nan daga saman jirgi? Ka bar gaɓa kaɗan kana ganin murjani ƙarƙashinka kamar ka miƙa hannu, ka ɗan ƙara gaba ruwan ya koma baƙi wuluk, igiyar duniya ba ta taɓa ƙasansa." Matashin ya ce, "Gaskiya ne, Baba, amma ai na'ura ce ke aikin yanzu." Dattijon ya gyara zama ya ce na'urar ma ai a cikin ruwan take. Taswira na bayansa: tsakiyar Bahar Maliya rami ne da ke kaiwa kusan mita 3,000 a wani wuri, gefe da gefe kuma duwatsun murjani ne da tsibirai irin na Farasan. Tekun Fasha kuwa matsakaicin zurfinsa kusan mita 50 ne, mafi zurfinsa a cikin gida bai wuce kusan 90 ba.

Helikwafta, da ranar da ba ya tashi

Ba zan ɓoye ba, in kuɗi na abu ɗaya ne kawai, helikwafta zan saya. Yana zuwa nesa fiye da kowace roka, yana da kunnensa, yana iya tabbatar da abin da ya ji kafin ya saki tofido, kuma jirgin ƙarƙashin teku ba shi da yadda zai yi da shi sai gudu. A yaƙin Fokland, ranar 25 ga Afrilun 1982, helikwaftocin Birtaniya ne suka lalata jirgin ƙarƙashin tekun Ajantina mai suna Santa Fe a Jojiya ta Kudu. Saudiyya ta yi daidai da ta nemi helikwafta ƙirar MH-60R guda 10 daga Amurka, waɗanda aka amince da cinikinsu a 2015 aka fara miƙawa a 2018.

Sai dai jirgi ɗaya yawanci helikwafta ɗaya yake ɗauka, kuma helikwafta ɗaya ba ya kwana a sama. Yana shan mai, yana shiga gyara, matuƙansa na barci. In yana cikin rumfarsa aka ji motsi, kafin a turo shi fili, a buɗe fukafukai, a tayar da inji, mintuna masu yawa sun tafi. Ga iskar shamal da ke taso da ƙura a gabas har mutum ba ya ganin gabansa, ga zafin bazara da ke rage masa ƙarfin ɗaukar kaya, sai a zaɓa tsakanin mai da tofido. Roka ba ruwanta da wannan duka. Tana zaune a raminta dare da rana, daƙiƙu kaɗan take buƙata. Shi ya sa Amurka da Japan da Koriya ta Kudu, masu helikwaftoci birjik, ba su yar da ita ba. Mafi kyawun amfaninta ma shi ne tare da helikwaftan: shi ya tafi da sona da mai da yawa ba tare da nauyin tofido ba, in ya kama abu ya turo wa jirgi wurin, jirgi ya aiko da roka.

Kuɗin da ba a rubuta a takarda

Akwai farashin da ya fi na riyal ciwo, shi ne gurbi. Ramin Mk 41 guda ɗaya yana ɗaukar ASROC ɗaya, ko kuma makaman kakkaɓo jiragen sama ESSM guda 4. Babban jirgin Amurka ƙirar Arleigh Burke mai ramuka 90 ko 96 ba zai ji komai ba in ya ware wasu. Jirgi mai ramuka 8, irin waɗanda aka tsara wa sababbin jiragen Lockheed Martin na Saudiyya, in ya ba ASROC 2, ya sadaukar da rubu'in garkuwarsa ta sama. Mk 41 ɗin ma tsawonsa iri uku ne, mafi gajarta ba ya ɗaukar ASROC. Jiragen Al Riyadh guda 3 ƙirar Faransa kuwa ramukansu na Sylver ne, na makaman kariyar sama Aster, ba su da alaƙa da ita sam.

A duba kuma abin da ya taɓa jiragen yankin nan a zahiri. Ranar 30 ga Janairun 2017 kwalekwale maƙare da bam ne ya daki jirgin yaƙin Saudiyya Al Madinah daura da Hudaida, ma'aikata 2 suka rasu. Daga ƙarshen 2023 abin da ya addabi jiragen kasuwa a kudancin Bahar Maliya da Babul Mandab jirage marasa matuƙi ne da makamai masu linzami. Kwamandan da aka ce ya cire makaman sama 8 ya sa roka 2 don abokin gabar da bai taɓa gani ba, yana da hujjar ɓata rai. Amsar da zan ba shi ita ce jirgin ƙarƙashin teku ba ya gargaɗi. Hangor na Pakistan ya nutsar da Khukri na Indiya a Disambar 1971, Conqueror na Birtaniya ya nutsar da Belgrano da mutum 323 a 1982, kuma bayan wannan rana manyan jiragen Ajantina ba su ƙara fitowa fili ba har yaƙin ya ƙare.

Idan an yanke za a saya, ta wa?

RUM-139 ce ta fi sauƙin shiga jirgin da aka gina da kayan Amurka, kuma tofidonta irin wanda MH-60R ke ɗauka ne, don haka rumbu ɗaya, makanikai ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zangonta ne bai burge kowa ba, kuma ciniki da Amurka sai majalisarsu ta yarda, ta kan kuma sauya ra'ayi.

MILAS ta Italiya ta fi ta zango, sama da kilomita 35, domin injin jet gare ta, an samo ta ne daga makamin harbin jiragen ruwa na Otomat. Ana iya gyara mata hanya tana cikin tafiya in abin harin ya kauce, tana kuma goyon MU90, wanda yana cikin ƙananan tofido mafi sauri. Ba ta cin ramin tsaye, a akwati take zama a kan daɓe, sai dai gurbin makamin harbin jirage take ci. Sojojin ruwan Saudiyya sun san dangin Otomat tun jiragen Al Madinah na shekarun 1980. Abin da ke sa ni ja baya shi ne Faransa, wadda aka fara aikin da ita, ta janye a ƙarshen shekarun 1990, Italiya ce kaɗai ta rage. Makamin da ƙasa ɗaya ke amfani da shi, ranar da ta gaji da shi kai ma ka shiga uku wajen kayan gyara.

Hong Sang Eo ta Koriya ta Kudu tana kusa da ta Amurka a zango, kimanin kilomita 20, da tofidonsu na gida. Ta gaza a gwaji a 2012, aka dakatar da ƙera ta, sai a 2014 ta tsallake. Ni wannan bai rage mata daraja a idona ba, domin aƙalla an gwada ta an faɗi sakamakon. Dangantakar makamai tsakanin Riyad da Seul ta yi ƙarfi, musamman bayan cinikin makaman kariyar sama Cheongung na dala biliyan 3.2 da aka bayyana a 2024. Amma rokar na buƙatar ramukan Koriya, ke nan sai in jirgin ma daga can aka sayo shi. Japan na da tata, Type 07, sai dai Japan ba ta saba sakin makamanta waje ba. Na Rasha, daga tsohuwar Metel mai kusan kilomita 50 zuwa sababbin dangin Kalibr, ba sa magana da kwamfutocin jiragen yamma, ga dokar takunkumin Amurka ta 2017 a kan masu sayen manyan makaman Rasha. Indiya ta gwada wata mai suna SMART a Oktoban 2020 da ake cewa tana zuwa ɗaruruwan kilomita, wadda ba ta da ma'ana sai ga mai jiragen sintiri na sama da za su gano mata abin hari. Ikara ta Ostireliya da Malafon ta Faransa sun riga sun koma gidan tarihi.

Gabas daban, yamma daban

A Bahar Maliya, inda akwai zurfi, inda manyan jiragen ƙarƙashin teku ke da wurin nutsewa, inda kuma sonar da ake ja ke iya jin nesa, roka mai goyon tofido tana da aikin yi. Ga rundunar yamma da ke Jidda, zan ce babban jirgi na gaba da za a saya ya zo da ramuka aƙalla 32 masu tsawon da ya isa, da sonar zurawa, sannan a ware 4 ga roka. In ramukan ba su wuce 8 ko 16 ba, a bar su ga kariyar sama, a ƙara helikwafta. Ba na ganin amfanin RBU a nan sai a bakin tasha.

Rundunar gabas da ke Jubail matsalarta wata ce. Babban jirgi irin Kilo mai tsawon sama da mita 70 a takure yake a ruwa mai mita 50. Abin tsoro shi ne ƙarami irin Ghadir, mai tsawon mita 29 da bututun tofido 2, wanda ke iya kwanciya a ƙasan teku ya kashe inji kusa da hanyar jiragen dakon mai, a tsakiyar hayaniyar kwalekwalen masunta, bututun mai da rijiyoyin teku. Ranar 26 ga Maris 2010 jirgin Koriya ta Kudu Cheonan ya rabe biyu a ruwa marar zurfi, mutum 46 suka mutu, binciken ƙasa da ƙasa ya ɗora laifin a kan tofidon Koriya ta Arewa daga ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku, duk da cewa Arewar ta musanta. A irin wannan ruwa ba a jin abokin gaba sai ya matso, don haka zangon kilomita 22 ba ya ƙara komai. Tofidon da aka sako daga sama yana fara nutsewa ne kafin ya daidaita, yana iya cakar laka, ƙarar da yake aikawa kuma na dawo masa daga ƙasa da sama ta rikita shi, abin da ba ya motsi kuma yana da wuyar bambancewa da dutse. An ƙera Mk 54 da MU90 don rage wannan matsala, sun kuma rage, amma kowane ɗaya kuɗi ne mai nauyi, kuma jirgi ƙalilan yake ɗauka. A Fokland jiragen Birtaniya sun zubar da makamai masu yawa a kan abubuwan da ba jirgi ba ne yayin da suke neman jirgin ƙarƙashin teku San Luis na Ajantina, ba su kuma same shi ba.

A nan ne tsohuwar dabarar ruwan bama-bamai ke da sauran magana. Bam ba ya rikicewa da laka, mita 40 kuma cikin daƙiƙa 4 ya nutse su. Yana da wata fa'ida da tofido ba shi da ita, ta lokacin da ba yaƙi ake ba: ana iya jefa shi gefe a matsayin kashedi. Suwidin ta koyi wannan bayan jirgin ƙarƙashin tekun Sobiyet ya maƙale a kan dutse kusa da sansaninta na Karlskrona a Oktoban 1981, da farautar da ta biyo baya a 1982. Ta ƙera Elma, mai cilla ƙananan gurneti da yawa waɗanda ke huda jikin jirgi su tilasta masa fitowa sama ba tare da hallaka kowa da ke ciki ba. Ga ƙananan jiragen sintiri masu gadin Ras Tanura da matatun ruwan sha, irin wannan ƙaramin makami, tare da helikwafta mai tashi daga tudu, ya fi roka mai tsada dacewa. RBU-6000 kanta ta yi wa waɗannan jirage nauyi, domin rumbunta na cin wuri mai yawa a ƙarƙashin daɓe. Wanda ya nace sai ita, Indiya na ƙera tata a gida ta hannun kamfanin Larsen & Toubro, amma sai an tsara jirgin da ita tun daga zane.

Ga ƙasashe masu ƙaramin aljihu da ake yi wa tayin tsohon jirgi mai akwatin ASROC a gaba, shawarata kada a sa akwatin a lissafin farashi. Injin roka mai busasshen mai yana da wa'adi, in ya tsufa yana tsattsagewa daga ciki, Amurka kuma ta daina amfani da RUR-5 tun shekarun 1990. A tambayi shekarar da aka ƙera rokokin, a tambayi wanda zai sake duba tofidon da ke kansu, a kuma sa a kwangila cewa za a harba ɗaya a gaban mai saye kafin a biya kashi na ƙarshe.